Shin Halal Ne a Koyi Aikin Lauya a Kan Matsalar Talaka?

Duk wanda ya bi Court Road a Gyadi-Gyadi da safe ya san su: matar da aka saka tana neman kuɗin ciyar da 'ya'ya, da ɗan haya daga Tarauni riƙe da takardar kora da bai iya karantawa ba. Majalisar ba da taimakon shari'a ta Najeriya tana aiki tun 1976, amma ma'aikatanta ba sa isa. A ganina, ɗaliban lauya na Jami'ar Bayero su zauna da irin waɗannan mutane su ba su shawara kyauta, domin ilimi ma yana da zakka.

Masu ja suna cewa ba a koyon aski a kan maraya, kuma Musulunci ya tsananta a kan yin fatawa ba da sani ba. Maganarsu tana da nauyi. To amma Imamu Malik bai fara fatawa ba sai da malaman Madina suka shaida cancantarsa, kuma ya shahara da cewa bai sani ba idan bai sani ba. Sharaɗin ke nan: lauya ƙwararre ya duba kowace shawara, ɗalibi ya riƙe sirri, kada ya tsaya gaban alƙali. Idan an cika wannan, barin talaka ba mai yi masa bayani shi ne babban zalunci.