Da Wane Mudu Za A Auna Abokan Karatu?

Duk Sallah idan 'yan Daura mazauna nesa sun komo gida, akan ga waɗanda suka yi aji ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero ta Kano, shekara talatin ko arba'in da suka wuce, sun taru a ƙofar gidan ɗayansu. Wani ya yi ritaya yana babban sakatare, wani har yanzu yana koyarwa a Zango ko Ɓaure, wani kuwa sai dai a ambace shi a yi masa addu'a. Ana gaisawa ana raha, amma kowa a zuci yana lissafin wanda ya ci gaba da wanda aka bari a baya. To, shin wannan lissafi daidai ne?

Tarihin wani ɗan Daura da abokin karatunsa ya isa amsa. Muhammadu Buhari, haifaffen Daura a 1942, da Shehu Musa 'Yar'aduwa, haifaffen Katsina a 1943, sun yi karatu tare a Sakandaren Lardi ta Katsina, kuma tare suka shiga makarantar horon soja ta Kaduna a 1962. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, aka ɗaga Shehu ya zama mutum na biyu a gwamnatin Obasanjo, Buhari kuwa yana Kwamishinan Man Fetur. Mai auna su a ran nan sai ya ce Shehu ya wuce. A ƙarshen 1983 Buhari ya zama Shugaban Ƙasa, sai mai awo ya sake magana. Cikin Agusta 1985 aka tumɓuke shi, aka tsare shi har 1988, alhali Shehu na harkokinsa a sake. A 1995 abin ya juya: aka kama Shehu aka ɗaure, Buhari na shugabancin Asusun Rarar Man Fetur. Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin Disamba 1997. Buhari ya faɗi zaɓe sau uku, har da na 2007 wanda Umaru, ƙanen Shehu, ya ci, sa'an nan ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a Landan ran 13 ga Yuli 2025, aka kawo shi Daura aka rufe.

Mai karatu ya duba da kyau. Ko wace shekara aka ɗauka aka yanke hukunci, shekarun da suka biyo sun ƙaryata shi. Ƙarshen al'amari, ko wannensu da likkafani ya tafi, hisabinsa na wurin Ubangijinsa. In haka ta kasance ga waɗanda duniya duka ta san labarinsu, ina ga wanda ba a san ko abin da ya kwana da shi ba?

Ko a majalisin malaman da, haka abin yake. Abu Yusuf da Dawud al-Ɗa'i duk almajiran Imamu Abu Hanifa ne. Na farko ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Haruna Rashidu, na biyu ya kame daga duniya ya dukufa ga ibada. Malamai ba su ce wannan ya ci, wancan ya faɗi ba. Abin da suka duba shi ne yadda kowa ya riƙe amanar ilmin da ya ɗauka.

Watau mudun da ya dace shi ne amana. Babban sakataren da ya tsare dukiyar jama'a da malamin da bai taɓa barin yara su zauna banza ba, tafiyarsu ɗaya. Wanda ya ci amana kuwa ya faɗi, ko da gidansa ya fi na kowa tsawo.

Lissafin banza yakan haifar da cuta biyu. Wanda ya samu sai girman kai ya kama shi, har abokin da suka ci tuwo kwano ɗaya ya zo ƙofarsa mai gadi ya ce ba ya nan. Wanda bai samu ba sai hassada ta kama shi, ya ce ai a aji shi ke koya wa wancan darasi, kamar dai sakamakon jarrabawa ne ke raba arziki. Wani kuma sai ya mai da zumunci roƙo, ba a ganinsa sai da buƙata.

Maganin ba wuya. Wanda Allah Ya ɗaukaka ya fara kai gaisuwa, ya nemi marayun abokan da suka rasu, ya ga ko suna makaranta. Wanda aka ƙuntata wa ya je da mutuncinsa, ya faɗa wa abokinsa gaskiyar da fadawa ba za su faɗa masa ba, gama wannan kyauta ce da kuɗi ba su saye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa a gama da duniya lafiya, amin.