Tawakkalin Matafiyi Tsakanin Haƙuri da Neman Haƙƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Muridin da ya yi niyyar aikin Hajji, ko ziyarar Shehu Ahmad Tijjani (RTA) a Fas, yana damƙa kansa a hannun mutanen da bai sani ba tun kafin ya bar gida. Fasfonsa da kuɗin da ya shekara yana tarawa suna hannun wakilin tafiya. Idan daga Damagaram ya taso, direban bas zai ɗauke shi kusan kilomita 900 zuwa Yamai. A filin jirgin sama na Diori Hamani zai miƙa kayansa su ɓace masa da gani, sannan ya zauna a bayan matuƙin da bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya yi barci a sararin sama. Duk wannan yarda ce, kuma yana bayar da ita ba tare da gardama ba.

Abin lura shi ne, da zarar an ce jirgi ya yi jinkiri, ko jaka ba ta iso ba, ko biza ta makara, sai zuciyar nan da ta amince wa baƙo ta shiga tuhumar Ubangijinta. To, me tawakkali yake nema daga matafiyi a irin wannan hali? Ya yi shiru ga duk abin da ya same shi, ko yana da damar yin magana?

Hijirar Manzon Allah (SAW) a shekarar 622 ta isa darasi. Madina tana arewa da Makka, amma ya fara nufar kudu, ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku tare da Sayyidina Abubakar. An tanadi raƙuma, Nana Asma'u tana kai guzuri, an kuma ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ hayar jagora saboda sanin hanya da riƙon amanarsa, alhali a lokacin bai musulunta ba. Da masu nema suka tsaya a bakin kogon, dabara ta ƙare, sai natsuwar zuciya ta bayyana. Ya cika sababi iyakar cikawa, amma zuciyarsa ba ta rataya ga sababin ba.

Don haka muridin da ya miƙa kuɗinsa ga wakilin da bai bincika ba, bai karɓi rasit ba, bai duba ranar ƙarewar fasfonsa ko katin rigakafinsa ba, sakaci ya yi ko da ya kira shi tawakkali. Bincike kafin yarda sunna ce, kuma ba ya rage wa kyautata zato komai.

Bayan an cika sababi, abin da ke samun matafiyi iri biyu ne. Akwai wanda babu hannun kowa a ciki, kamar hazon hunturu da ke hana jirgi tashi ko ciwon da ke kama mutum a hanya. Wannan wurin yarda da ƙaddara ne, kuma awannin jiran nan sun isa lazimi da salati mai yawa. Alhaji Umaru Futi ya shafe shekaru tsakanin tafiyarsa Makka da komawarsa gida. A can ya haɗu da Sidi Muhammadul Gali, a hanyar dawowa kuma ya zauna Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tsawon hanyar ya zama wani ɓangare na tarbiyyarsa da yaɗuwar ɗariƙa.

Akwai kuma wanda ha'incin mutum ya jawo, kamar wakilin da ya karɓi kuɗin masauki kusa da Harami ya ajiye tsofaffi a nesa. A nan shiru ba falala ba ne, domin wanda ya yi shiru ya bar tarkon ga ayarin baɗi, cikinsu har da tsohuwar da ta sayar da shanunta don wannan tafiya. Murid zai nemi haƙƙi da harshe mai ladabi, ya kai ƙara inda ya dace, zuciyarsa kuma ta san cewa abin da aka rubuta masa ba zai wuce shi ba. Alamar wanda ya haɗa biyun ita ce ba ya zagin ma'aikacin da ba shi da laifi, ba ya ture raunana a layi, sallarsa kuma ba ta kuɓuce masa saboda fushi.

Magabata sun ce tafiya tana tona halin mutum, shi ya sa Sayyidina Umar bai gamsu da shaidar wanda bai taɓa tafiya da mutum ko yin hulɗar kuɗi da shi ba. Zikiri a zawiya cikin 'yan'uwa yana da sauƙi. A ɗakin jira, bayan kwana babu barci, nan ake gane abin da wuridi ya dasa a zuciya.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ba waɗanda aka damƙa wa amanarsu ikon sauke ta. Amin.