Kunyar ɗan koyo a wurin da ake gasa

A daminar bara, cikin watan Agusta, wani tsohon ɗalibina ya kira ni daga Yamai bayan sallar isha'i. Shekara uku na karantar da shi lissafi a nan Gure, kafin ya ci jarrabawar bak ya wuce jami'a karatun ilimin kwamfuta. A dogon hutu ya samu gurbin koyon aiki na wata uku, abin da ƴan boko ke kira sitaj, a wani babban kamfanin sadarwa. Su shida aka ɗauka, aka kuma shaida musu tun ranar farko cewa biyu kaɗai za a riƙe.

Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, ina ganin gida zan dawo."

Na ce, "Ɗana, an kore ka ne?"

Ya ce ba a kore shi ba. An ba shi gyaran wata ƴar manhaja da ke tattara rahoton eriyoyin kamfanin kowane dare. Ya zauna a kanta kwana tara ta ƙi tashi. Kullum da safe ma'aikatan sashen sukan tsaya na kusan minti 15, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. In an zo kansa sai ya ce komai lafiya, ana ci gaba. Rana ta tara shugaban sashen ya leƙa da kansa, ya tarar ashe ba a buɗe wa yaron izinin shiga rumbun bayanan ba ne. Cikin minti biyar aka buɗe. Shugaban ya yi masa faɗa gaban jama'a, kuma faɗan duka a kan shirun ne, bai ko taɓo maganar rashin sani ba. A makon nan dai ya kwana yana taya wani abokin koyonsa warware wata matsala. Da safe abokin ya miƙe ya ce, "Na gyara," aka yaba masa, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Na ba shi haƙuri irin wanda ake ba yaro a waya, muka rabu. Amma na daɗe ban yi barci ba, domin na gane shirun nan. Mu muka koya masa shi.

Mai karatu ya san yadda muke renon ɗa a wannan yanki, Bahaushe ne ko Babarbare, Bafillace ko Batube. Ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya katse shi, ba ya mayar masa da tambaya sai ka ce yana tuhumarsa. In ya yi abin kirki, sai ya bari wani ya faɗa, don mun ce yabon kai jahilci. A aji ma haka muke: ɗalibin da ya cika ɗaga hannu muna kiransa mai rawar kai, wanda ya yi tsit muna rubuta masa "mai ladabi" a takardar sakamako. Ba na cikin masu cewa wannan tarbiyya ci baya ce. Kunya ita ke hana ƙarami tozarta babba, ta hana mai ƙarfi taka marar ƙarfi a bainar jama'a, kuma garin da ya rasa ta ba ya zaunuwa. Tambayata ita ce: shirun da yaron nan ya yi na kwana tara, kunya ce ko wani abu ne da ya ari rigarta?

Mu dubi koyon sana'a yadda muka gada. Yaron maƙeri yakan shekara yana zuga kafin a bar shi ya ɗaga masaba. Yaron tela yakan daɗe yana guga da sa maɓalli kafin ya hau keke. Ba ya tambaya, domin ba ya bukata: yana zaune gaban maigidansa daga safe har magariba, idonsa na kan hannunsa, abin da ya kuɓuce masa yau zai sake ganinsa gobe da jibi da baɗi. Maigidan ma yana kallonsa, ya san inda ya kai ba tare da an gaya masa ba. Wato shirun ɗan koyo a maƙera yana tsaye ne bisa ƙafa biyu, tsawon lokaci da aikin da ido ke gani.

Kamfanin fasaha ya cire ƙafafun nan duka biyu. Lokacin mako 12 ne kacal. Aikin kuwa yana cikin allon kwamfuta da cikin kan mai yinsa. Wanda ke kusa da kai ba ya iya bambanta mai ci gaba da wanda ya maƙale, duka biyun suna zaune shiru suna kallon allo. A irin wannan wuri, in ɗan koyo bai buɗe baki ba, babu wanda zai san yana cikin rami. Kamfanonin nan kuma ba su daɗe a ƙasarmu ba: Celtel ta zo a farkon shekarun 2000, ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, Orange ta buɗe a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani, an haɗe Sonitel da SahelCom aka yi Niger Telecoms a 2016. Tsarin aikinsu tare da na'urorin ya iso daga waje, mu kuwa muna aika musu yara daga nisan fiye da kilomita 1000 da tarbiyyar maƙera.

A nan nake ganin ya kamata mu raba abu biyu da muke kira da suna ɗaya. Akwai kunyar da ke kare mutuncin wani, akwai wadda ke kare sirrin mai ita. Wanda ya ƙi gyara wa dattijo kuskure gaban mutane, ya jira sai sun keɓe, wani yake rufa wa asiri. Wanda ya ce "lafiya lau" alhali aikin jama'a ya tsaya a hannunsa, kansa yake rufa wa, asarar kuma ta hau kan waɗansu. Ta biyun nan, in muka tone ta, tsoro za mu tarar a ƙasa, wani lokaci har da ɗan girman kai, na ƙin a gan ka ba ka sani ba. Kuma abin da ɗalibina ya yi ta faɗa da safe, ko da ladabi ya faɗe shi, ba gaskiya ba ne. Kakanninmu da suka ce yabon kai jahilci su ne suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada a ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A tsakiyar shekarun 1990 wata malama a Amurka, Amy Edmondson, ta bi sawun kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta tarar ƙungiyoyin ma'aikatan da suka fi kyawun shugabanci su ne ke da yawan kurakurai a rubuce. Da ta zurfafa sai ta gano cewa sun fi sauran yarda ne su faɗi kuskurensu. Kamfanin Google ma ya fara wani bincike a 2012 kan ƙungiyoyin aikinsa kusan 180, ya iske abin da ya fi tasiri shi ne mutum ya iya cewa "ban gane ba" ko "na yi kuskure" ba tare da fargabar wulakanci ba. Wannan yana nuna laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Wanda ya tara yara shida ya ce biyu zai ɗauka, sannan ya nemi kowa ya bayyana rauninsa gaban abokan takararsa, ya nemi abu mai wuya. Jack Welch, da ya shugabanci General Electric daga 1981 zuwa 2001, ya shahara da jera ma'aikata kowace shekara a sallami kashi 10 cikin 100 na ƙasa. Microsoft ta bi tsarin jeri mai kama da wannan, ta watsar da shi a 2013, bayan an daɗe ana kukan cewa yana sa abokan aiki su zama kishiyoyi.

Batu na biyu ya fi ba ni wuya, wato na abokin da ya ci yabon da ba nasa ba. Zuciyata ta fara cewa yaron ya yi daidai: ya yi alheri, ya yi shiru, Allah ya gani. Sai dai a sana'arsu sunan mai aiki ba ado ba ne. Masu rubuta manhaja suna ajiye aikinsu a wani kundi da ake kira Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Kowane layi aka sauya, kundin yana riƙe da sunan wanda ya shigar da sauyin da ranar da ya yi shi. Ran da layin ya jawo ɓarna cikin dare, sunan nan za a nema, a ta da mai shi ya yi bayani. Saboda haka "ni na yi" a wurinsu tana nufin "ni za a tambaya". Abokin da ya karɓi yabo ya ɗauki nauyin abin da bai fahimta ba, ɗalibina kuma da ya yi shiru ya bar shugabansa cikin duhu game da wanda ya san gyaran.

Al'adarmu ma ba ta hana faɗin "ni" a ko'ina ba, wuri ta keɓe masa. Ɗan kokawar da ke sunkuyar da kai gaban surukinsa shi ne ke shiga fili ya yi kirari da bakinsa, kuma tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975 ban ji wanda ya kira wannan rashin kunya ba. Gayya ta fi kusa da abin da nake nufi. Samari na jere a gonar mutum ɗaya, kowa da layinsa, makaɗi na zuga wanda ya wuce gaba, kowa kuma na ganin inda hauyar kowa ta bi. Gasa ce ta gaske, har da gumi da gori. Amma wanda ya fara kai ƙarshe yakan juyo ya tari na baya, domin ba a tashi sai an gama gonar. Babu mai ɓoye layinsa, babu kuma mai nuna na wani ya ce nasa ne. Malamanmu na addini sun daɗe da raba hassada, wato son ni'imar wani ta gushe, da burin samun irinta ba tare da ta bar hannunsa ba. Na biyun bai taɓa zama aibi ba.

Kashegari na kira yaron. Na ce ya ci gaba da taya abokinsa in ya nema, amma ya yi shi da rana, a rubuce, inda sashen ke gani. Na ce duk abin da ya gagare shi daga safe zuwa azahar, ya tashi ya tambaya, bayan ya shirya faɗin abin da ya gwada. Ya ce, "Mushe, in na yi ta tambaya ba za su raina ni ba?" Na ce mai yiwuwa wani ya raina, ban da tabbacin da zan ba shi.

Ya ƙarasa watanninsa uku. Ba ya cikin biyun da aka riƙe, abokin nasa yana ciki. Shugaban sashen ya rubuta masa takardar shaida mai kyau, ya ce ya sake nema baɗi.

Da aka koma lakwal a watan Oktoba na ɗan sauya wani abu a ajina. Ranar Litinin, kafin darasi, kowane ɗalibi zai miƙe ya faɗi abu ɗaya da bai gane ba a makon jiya. Makon farko, cikin ɗalibai 58, uku suka yi magana, sauran suka ce sun gane komai. Wani abokin aikina ya tare ni a ƙofar aji ya ce ina koya wa yara tsaurin ido, kuma har yau ba mu gama wannan muhawara ba. A mako na shida wata yarinya daga bencin baya ta miƙe, idonta a ƙasa, ta ce, "Mushe, ba darasin ne ban gane ba. Lissafin da kuka yi a allo ran Alhamis, ina jin akwai kuskure a layi na uku."

Na buɗe littafina na duba. Akwai.