Awa Ita Ce Mudun Ma'aikaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, zamani ya zo da wata sana'a wadda samari da yawa suka kama, watau nazarin alƙaluma da kwamfuta. Mutum yana zaune a ɗakinsa a Kano ko Zariya, wani kamfani na Ikko ko Ingila ya aiko masa da lissafin cinikinsa ta intanet, ya tace, ya fito da abin da ke ciki, a biya shi gwargwadon awowin da ya yi. To, nawa ya halatta ya yanka wa awarsa?

Malaman fiƙihu suna kiran wannan ma'amala ijara. Sharaɗinta, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, shi ne a san ladan, a kuma san wa'adin. Suratul Ƙasasi, aya ta 27, ta nuna yadda aka ɗauki Annabi Musa aiki a Madyana bisa wa'adin shekara 8, cikon ta 10 kuwa ganin damarsa ne.

Shari'a ba ta ƙayyade wa kowa farashi ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah ya yanka farashi, bai yarda ba. Saboda haka ma'aikaci yana da ikon ya zauna ya yi lissafin abincin iyali, da kuɗin wuta da man janareta, da na intanet, da haraji, da kwanakin da babu aiki. Alal misali, wanda bukatarsa ta wata ta kai Naira 600,000, awowin da za a biya shi kuwa ba su wuce 100 ba, idan ya nemi Naira 6,000 a awa bai yi zalunci ba. Sai dai ya dubi abin da tsararsa a gwaninta suke karɓa, kada ya ci da jahilcin wanda bai san kasuwa ba. A kuma ambaci irin kuɗin tun farko, Naira ko Dala, domin tun da aka saki Naira a 2023 canji yana iya juyawa kafin aiki ya ƙare.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙirga awowin. Mai aiki ba ya ganin ma'aikaci, abin da aka rubuta masa shi zai biya. Awa ita ce mudun wannan sana'a, kuma Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba. Wanda ya yi awa 3 ya rubuta 5, ko ya sayar wa mutum biyu awa guda, ko ya sa lokacin hira da barci cikin lissafi, ya ci haram, ko da ba a taɓa kama shi ba. Idan gwaninta ko sabuwar na'ura ta sa yana gama aikin yini cikin awa 2, ƙofar halal a buɗe take: ya ƙara kuɗin awarsa a fili, ko su yi jinga a kan aikin dungurungum.

Shi ma mai ba da aiki akwai nasa. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, aka cika masa aiki, ya hana lada.

Allah Ya tsarkake wa Musulmi abincinsu, Ya sa albarka cikin guminsu, amin.