Dashen gashi: kan na saurayin yau ne ko na dattijon gobe?

Bahaushe bai taɓa lissafa sanƙo cikin cututtuka ba. Wanzami yana cire beli, yana yin ƙaho, yana da askar shayi da ta tsaga, amma ba a ji an kai masa mai sanƙo don ya warkar da shi ba; iyakarsa ya aske ɗan abin da ya rage ya karɓi ladansa. Abokan wasa kan tsokani mai sanƙo su ce arziki ne ke tafe, shi kuwa ya gyara zaman hularsa ya yi dariya. Hula da rawani sun daɗe suna rufa wa maza asiri, har mutum kan shekara 30 yana zama majalisa ɗaya da abokinsa bai san abin da ke ƙarƙashin hularsa ba, sai fa in alwala ta haɗa su.

Saurayin yau ba haka yake ba. Ko a Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, balle Yamai, kansa a buɗe yake yawo, mai shagon aski ya gyara masa gaban goshi kamar an ja layi da zare, wayar salula kuma tana ɗaukar hotonsa safe da yamma. A cikin wannan wayar ce yake ganin tallar asibitocin Istambul: ga hoton mutum da kai kamar bayan ƙwarya, ga hotonsa bayan shekara guda da suma kamar ɗan yaye. Ta haka tambayar da ake wa ganin ta Turawa ce ta shigo gidajenmu. Saurayi ɗan shekara 22 ko 25, wanda gashinsa ya fara ja da baya, ya dace ya je a yi masa dashe?

Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin manya ita ce: shirme ne, ɓarnar kuɗi ce, rashin godiyar Allah ne. Ni ban gamsu da ita ba. Mu ne fa mutanen da ake yi wa jaririnmu tsagar gado a fuska yana ɗan kwana 7, ba a tambaye shi ba. Mu ne masu dawowa daga aikin hajji da haƙorin Makka muna murmushi don a gani. Cikinmu akwai dattawan da ke rina furfura a ɓoye ranar da za su je neman aure na biyu. Wanda ya taso cikin wannan duka ba shi da bakin cewa taɓa jiki don a yi kyau baƙon abu ne. Kuma zafin da yaron ke ji ba na ƙarya ba ne. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san ɗalibin da ke zama can baya, wanda ba ya son a ce ya tuɓe hula, wanda ya daina ɗaga hannu don kada idanu su juyo kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za mu ba saurayi shawara, sai mu fara da yarda cewa abin da ke damunsa abin damuwa ne.

Ta fuskar addini ma hanyar ba a toshe take ba. Malamai da yawa sun bambanta ƙarin gashi, wato ɗaura gashin wani a kan naka, wanda aka hana, da mayar da abin da ya zube, wanda suka ɗauka a matsayin kawar da aibu. Sukan kafa hujja da hadisin mutane uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mala'ika ya shafi mai sanƙon ya samu gashi mai kyau. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a ƙasar Malesiya, ta sa dashen gashi cikin gyaran da ya halatta idan gashin ya zube. To, amma halaccin abu bai gama magana a kansa ba. Sayar da gonar gado halal ne. Ba kowane mai sayarwa ne ya yi dabara ba.

Domin a gane inda gizo ke saƙa, dole a san yadda aikin yake. Sanƙon maza gado ne, kuma wani sinadari ne da jiki ke samarwa daga testosteron, wanda likitoci ke kira DHT, yake ƙanƙantar da saiwar gashi sannu a hankali har ta daina fitar da komai. Abin mamaki shi ne saiwoyin ƙeya da na gefen kai ba su cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa za ka ga tsoho kansa fayau amma ƙeyarsa cike. Wani likita ɗan ƙasar Japan, Shoji Okuda, ya bayyana dabarar ɗauke fata mai gashi a dasa ta wani wuri tun 1939, yaƙin duniya ya binne aikinsa. A 1959 Norman Orentreich, a Amurka, ya nuna cewa saiwar da aka ɗauko daga ƙeya tana riƙe halinta ko an kai ta goshi. A kan wannan ne sana'ar duka ta ginu. Da can akan yanko ɗan tsirin fata daga ƙeya a rarraba shi. Tun wajen 2002 aka fara komawa ga cire saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin ƙarfe. Gashin da aka dasa yakan zube bayan ƴan makonni, ya sake tsirowa bayan wata 3 ko 4, ba a kuma ganin ainihin sakamakon sai an kusa shekara.

Kalmar dashe ta faɗi gaskiya fiye da tallar. Mai lambun albasa a Galmi ya san cewa dashe ba ya ƙara yawan iri: abin da ka cire daga nan ka kai can, nan ɗin ya rasa shi ke nan. Kan mutum yana ɗauke da gashi kamar 100,000, amma abin da za a iya cira daga ƙeya ba tare da ta yi fili ba, ƴan dubban saiwoyi ne kawai a tsawon rai, zama ɗaya kuwa kan cinye 2,000 ko 3,000. Inda aka cira ba ya sake tsiro har abada. Ƙeya rumbu ce wadda ba a sake zuba mata hatsi.

Matsalar saurayi a nan take. Sanƙo ba ya zuwa rana ɗaya, tafiya yake yi, kuma likitoci suna da ma'auninsa mai hawa 7 wanda O'Tar Norwood ya daidaita a 1975. Yaro ɗan shekara 22 yana hawa na 2 ko na 3. Babu likitan da zai iya rantse masa inda abin zai tsaya, kuma sau da yawa wanda ya fara da wuri shi ne zai yi nisa. Idan aka cika masa gaban goshi yau, aka saukar da layin gashin ƙasa yadda yake so, gashinsa na asali da ke bayan dashen zai ci gaba da zubewa. Bayan shekara 10 sai a wayi gari da ɗan tsibirin suma a goshi, bayansa hamada, ƙeyar kuma an riga an kwashe ta. Wayne Rooney, ɗan ƙwallon Ingila, ya sanar da duniya dashensa a 2011 yana da shekara 25. A 2013 sai da ya koma aka ƙara. Shi yana da kuɗin komawa sau nawa ya ga dama. Ƙeyarsa dai irin ta kowa ce, ba ta ƙaruwa da yawan albashi.

Saboda haka tambayar, a ganina, ta wuce kyau da muni, ta koma ta amana. Kan da ke bisa wuyan saurayi ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai wani mutum mai shekara 45, mai iyali, wataƙila shugaban makaranta ko limamin unguwa, wanda zai gaji wannan kai, kuma ba ya nan a lokacin da ake yanke shawara. Ba a tambaye shi ba, kamar yadda ba a tambayi jaririn da aka yi wa tsaga ba. Mun saba da maganar haƙƙin maƙwabci, da haƙƙin iyaye, da haƙƙin maraya. Ba mu saba da cewa mutum yana da haƙƙi a kan kansa na jiya ba. Amma manomi ya san shi sarai: wanda ya ci irin shuka a watan bazara, kansa na damina ya zalunta. Saurayin da ya kwashe ƙeyarsa yana da shekara 22 ya ɗauki abin da dattijon zai fi shi buƙata, ya kashe shi a kan layin goshin da ba zai dace da fuskar dattijon ba. Har zaɓin da ya fi kowane sauƙi yakan ƙwace masa, wato ya aske kan duka ya huta, domin askin ƙwal zai fito da tabon da aikin ya bari.

Maganar tabo ta fi shafar mu fiye da Bature ko Baturke. Fatar baƙin mutum ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda muke gani a kunnen wasu ƴan mata bayan huji. Gashinmu kuma ba a waje kaɗai yake murɗe ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take cikin fata, ƙarfen da bai saba da ita ba sai ya yanke ta wajen cira, saiwar ta tafi a banza. A wasu wuraren da ake yi wa mutane da yawa aiki a yini ɗaya, likita yakan zana layin goshi ne kawai ya bar sauran ga ma'aikata. Hoton talla ba ya faɗin wannan, kuma ba ya nuna ƙeya.

Sai kuɗi. Dashe a Turkiyya, wanda arharsa ce ta sa duniya ke tururuwa can, yakan kama wajen yuro 2,000, wato sefa miliyan 1 da jika 312, ban da kuɗin jirgi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ba zan ce wa mai halin yi ya ji kunyar dukiyarsa ba, amma saurayin da zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin da aka tara don karatunsa, ya ƙara wa dattijon nan nauyi na biyu.

Akwai kuma tambayar da ba likita ke amsa ta ba: don wa ake yin aikin? Rousseau, a littafinsa na 1755 kan asalin rashin daidaito tsakanin mutane, ya raba son kai gida biyu. Akwai son da halitta ke yi wa kanta don ta rayu cikin lafiya, akwai kuma son da ba ya samuwa sai ta idon wasu, wanda ke auna kansa da na kusa da shi kullum. Na farkon yana ƙoshi. Na biyun ba ya ƙoshi, gama idanun mutane ba su ƙarewa. Ba na jin akwai ɗan Adam da ya kuɓuta daga na biyun, ko Yuliyas Kaisar da ya mallaki Rum an ruwaito yana taje gashinsa zuwa gaba don ya ɓoye sanƙo. Amma yana da amfani saurayi ya san wanne ne ke tura shi. Idan wata budurwa ce ta yi masa dariya, ko wani hoto ne ya ɓata masa rai, to ciwon ɗan wata 6 ne yake nema ya yi wa magani na har abada. Mun kuma ga waɗanda suka gyara goshi, damuwar ta tashi ta koma kan hanci.

Tsofaffin masana sun gwada wata hanya, ta lallashi. Wajen shekara ta 400, Sinesiyus, mutumin Sirina a ƙasar Libiya ta yau, wanda shi kansa sanƙo ya kama, ya rubuta littafi sukutum na yabon sanƙo, har yana kafa hujja da cewa tunkiya ta fi dabbobi gashi kuma ta fi su wauta. Abin dariya ne mai daɗi, amma ban ga saurayin da zai karanta shi ya ji sanyi ba. Wanda ya rubuta littafi guda don ya nuna abu bai dame shi ba, abin ya dame shi. Shi ya sa ba na son mu malamai mu riƙa yi wa yara wa'azin cewa kyan hali ya fi kyan suma. Sun sani, kuma sanin bai hana su duba madubi ba.

Abin da nake ganin ya dace a gaya wa saurayi bai kai wa'azi tsawo ba. Ya fara ganin likitan fata, don ba kowace zubewar gashi ce sanƙon gado ba. Akwai ta makero, akwai ta ƙarancin jini, akwai ta rashin lafiyar da ta wuce, waɗannan kuwa magani suke so. Idan na gado ne, akwai magunguna biyu da aka daɗe da sani, minoksidil na shafawa da aka amince da shi a Amurka a 1988 da finasterid na sha a 1997. Suna rage gudun zubewar, ba su aiki sai ana ci gaba da su, kuma na biyun yakan rage wa wasu sha'awa, don haka ba abin saye a tebur ɗin kasuwa ba ne. Sannan ya jira, ba jiran wanda ya fid da rai ba, jiran wanda ke son ganin iyakar gonar kafin ya raba iri. Likitocin kirki da kansu ba su son taɓa wanda bai kai shekara 25 ba, da yawa ma sun fi son a kusanci 30. Idan ya kai nan, sanƙon ya nuna inda ya dosa, kuɗin nasa ne, har yanzu kuma zuciyarsa tana so, to ya je, babu wanda ya isa ya kira shi marar godiya. Ya nemi likitan da ya saba da irin gashinmu, ya ce a nuna masa hoton ƙeyar waɗanda aka yi wa aiki shekara 5 da suka wuce, ya kuma yarda a ɗaga layin goshin sama kaɗan da inda ransa ke so, daidai inda zai zauna da kyau a ƙarƙashin hular mutum mai shekara 50.