Hoton Mai Barci da Alhakin Mai Zaɓe

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce wani ɗalibina ya shigo ofishina da ambulan mai hotuna 36, wato iyakar abin da fim ɗaya ke ɗauka ke nan. Tsohuwar kyamarar kawunsa ya ara, ya yi mako uku yana zagaya Sabo da Mokola da Dugbe a nan Badun. Buƙatarsa ita ce in taya shi fitar da guda biyar da za a liƙa a allon ƙungiyar ɗalibai. Na ɗauka aikin minti goma ne, sai ga hotunan sun kwana huɗu a kan teburina.

Hoto ɗaya ne ya tsayar da ni. Wani dattijo ne ɗan dako, barci ya sace shi a jikin buhunan albasa, baki buɗe, dunduniya duk faso, hasken la'asar ya sauka a rabin fuskarsa. Babu tantama ya fi sauran kyau. Na tambayi yaron ko dattijon ya san an ɗauke shi. Ya ce, "A'a Malam, ai da ya farka da hoton ya lalace." Gaskiya ya faɗa, kuma nan gizo ke saƙar.

A nawa ganin, nauyin wannan sana'a ya fi rataya a wuyan mai zaɓe. Ɗaukar hoto aikin ƙiftawar ido ne, ana iya yi wa mai shi uzurin gaggawa. Mai zaɓe kuwa zaune yake cikin natsuwa, shi ke yanke abin da za a tuna da wanda za a binne a akwati. Alal misali, Robert Frank ya zagaya Amurka a 1955 da 1956, ya ɗauki hotuna kimanin 27,000, amma 83 kawai suka shiga littafinsa. Amurkar da duniya ta gani a shafukan nan, wadda hannunsa ya ware ce.

Shi dai da kansa ya ware. Vivian Maier ko wannan ba ta samu ba. Rainon yara ne aikinta a Cikago, tana yawon tituna da kyamara don sha'awa, har ta tara hotuna fiye da 100,000, wasu ma ko wanke fim ɗinsu ba ta yi ba. A 2007 aka yi gwanjon kayanta saboda bashin kuɗin ajiya, ta rasu a 2009 ba ta san sunanta zai zagaya duniya ba. Abin da ake kira gwanintarta a yau, baƙi ne suka tsamo shi. Ko da ta yarda da zaɓinsu? Mu malaman adabi bai kamata mu yi saurin nuna yatsa ba, don haka muke yi wa mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya duk lokacin da muka haɗa kundi.

Sai dai kuma akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarama ba ce. Idan sai wanda ya shirya za a nuna, tarihin gari zai zama na babbar riga da kwalliyar Sallah, ɗan dakon da ke ɗauke da kasuwar a kansa ya ɓace kamar bai taɓa rayuwa ba. Ɓoye wahalarsa ma wani nau'in zalunci ne. Amma barcin mutum da faso na ƙafarsa suna cikin abin da muke kira sutura, kuma talauci bai ɗauke masa haƙƙinta ba. Na auna hujjojin biyu, na ga cewa ni da ɗalibina muna ta shari'a alhali mai haƙƙin yana nan da ransa, tafiyar tasi ɗaya daga ƙofar jami'a.

Na mayar da yaron kasuwa da hoton a hannu. Ya ce dattijon ya daɗe yana kallo, ya yi dariya, sannan ya ce, "Yaro, surukaina suna garin nan." Ya soke hoton a aljihu, ya ce a dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ɗauke shi tsaye a gaban buhunan, da hularsa. Wannan na biyun shi ne a allo yanzu. Bai kai na farko kyau ba, kuma har yau ɗalibin nawa bai huce ba.