Zumunci Daban, Takardar Aiki Daban

Ɗana, labari ya iso ni cewa an ɗauke ka aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin fasahar nan da samari ke kafawa, masu ƙera manhaja da masu hada-hadar kuɗi ta waya. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ka shiga a sa'a. 'Yata, ke ma da ke nake, don yanzu a irin waɗannan ofisoshi akwai mata masu riƙe lissafi, da masu amsa kiran abokan ciniki, har da masu rubuta manhajar kanta. Ku matso kusa. Akwai maganar da iyayenku ba lallai su faɗa muku ba, ba don rowa ba, sai don su gona da kasuwa da aikin gwamnati suka sani.

Daura ta fara yaye matasa masu ilmin zamani da yawa. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a Disambar shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha ta ƙasa ma ɗan garin nan ne ya sa mata hannu, marigayi Muhammadu Buhari, a Oktoban 2022. To, yaran da ke fitowa daga makarantun nan gwamnati ba za ta iya kwashe su duka ba. Wasu za su nufi Kano ko Kaduna, wasu za su zauna a ɗakinsu suna yi wa kamfanin Legas aiki ta intanet, wasu kuma abokinsu ne zai kama shago, ya sa sola a rufi, ya jera kwamfuta uku, ya ce an kafa kamfani. Ko wanne ka faɗa a ciki, abin da zai fi damunka ba wuyar aikin ba ce. Zamanka da mai kamfanin ne.

Mu dai mun san maigida da yaronsa tun kaka da kakanni. Yaro ya zauna a rumfa shekara da shekaru, ba albashi, ba takarda, ba lokacin tashi. Amma ka lura da abin da ke wuyan maigidan. Shi ke ciyar da yaro, shi ke yi masa ɗinkin salla, in ya kwanta ciwo shi ke sayen magani, in aure ya zo shi ke tsayawa, ran da ya isa kuma ya ware masa jari ya sallame shi. In ya ƙi yi, kasuwa duka ta sani, dattawa su kira shi, sunansa ya ɓaci har gidan surukansa. Abin da ya riƙe wannan tsarin ke nan: idon jama'a, da kunyar da maigida ke ji.

Sabon kamfani yakan ari bakin wannan tsarin, ya bar nauyinsa. Ran farko za a ce maka, "Nan gida ne, mu duka 'yan'uwa ne, ba oga ba yaro." Daɗin ji gare ta, sau da yawa ma mai faɗin da zuciya ɗaya yake faɗi. Sai dai shi ba zai yi maka aure ba, ba kuma zai sallame ka da jari ba. Ba ma zai iya ba, don kuɗin da yake juyawa na masu zuba jari ne, kuma su lissafi suke so. Ka ga ke nan ana neman biyayyar yaron rumfa a wurinka, alhali abin da za a ba ka haƙƙin ma'aikaci ne, shi ma in an rubuta. Saboda haka tun ana dariya, tun ba a ɓata ba, ka nemi takarda.

Na san abin da zai zo maka a rai. Za ka ce ai yayan abokinka ne, ubansa da naka sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, ya za a yi ka dube shi ka ce ya rubuta? Wannan ita ce matsalar ƙaramin gari, kuma ba ƙarama ba ce. A Legas in ma'aikaci ya ɓata da ogansa sai ya hau mota ya tafi, ba sa ƙara haɗuwa. A Daura kuwa gobe za ku haɗu a ɗaurin aure, jibi a jana'iza. Amma wannan dalilin ne ma ya sa takarda ta fi wajaba a kanku. Zumuncin da kake tsoron takarda ta taɓa, rashinta ne ke kashe shi, ran da kai ka ce dubu tamanin aka yi da kai, shi ya ce sittin ya ce sai in ciniki ya buɗe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga Sahabbai aka fara karanta ta, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Wanda ya ji haushi don ka ce a rubuta, ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa.

Ba sai takardar ta cika shafi goma ba. A faɗi aikinka, a faɗi albashi da ranar biyansa, awannin aiki, hutu, wa ke sayen data, wa ke zuba mai in an aike ka, da kwana nawa ɗayanku zai ba ɗaya sanarwa in za a rabu. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Lauya zai ce maka ta fi shafar ƙananan ma'aikata, to amma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa in an je gabanta abin da aka rubuta take fara nema. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai dai dokar ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25, kuma yawancin kamfanonin da nake magana a kai nan suka faɗo. In kamfani ya girma ya shiga tsarin fansho, dokar 2014 ta ce shi ya zuba kashi 10, kai a cire maka kashi 8. Ka riƙa duba asusun fanshonka da kanka. An sha cirewa daga albashi ba a zuba ba.

Sai maganar da ta fi ruɗar samari, wato hannun jari. Za a ce albashin kaɗan ne amma kana da kaso a kamfani, in ya girma kai ma ka zama attajiri. Za a kawo maka labarin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. Labarin gaskiya ne. Amma a tambaya: kashi nawa ne nawa, cikin nawa? An yi wa kamfanin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ko suna ne kawai a allon shago? Bisa al'adar wannan harka, ba a damƙa maka kason gaba ɗaya. Yakan nuna ne a hankali cikin shekara 4, in ka tafi kafin shekara guda ta cika ba ka da ko sisi. Wannan ba zalunci ba ne in an gaya maka tun farko. Zaluncin shi ne kaso na fatar baki, wanda ake tuna maka da shi duk ƙarshen watan da ba a biya ba.

Kada kuma ka ɗauka shigowar kuɗi na nufin ka tsira. Andela ta tara dala miliyan 100 a farkon 2019, a Satumbar shekarar ta sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, don ta sauya alƙibla. Kamfanin 54gene ya tara kusan dala miliyan 45, a 2023 aka fara naɗe tabarmarsa. Waɗannan manya ke nan, balle shagon da ke jiran kwangila ɗaya daga ƙaramar hukuma.

Yanzu bari mu zo kan halin shugaba, don nan ne zama ke daɗi ko ya yi ɗaci. Kada ka auna shi ran da ake yanka rago don an sami ciniki. Ka auna shi ran 28 ga wata, asusu ba kuɗi. Wani zai tara ku da kansa tun kafin ranar, ya buɗe littafi, ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, rabi zan iya biya, nawa kuma na jinkirta shi sai kun samu. Wani kuwa sai ya ɓace. Ka ga wayarsa a kunne, saƙonka ya shiga an karanta, shiru. Kwana biyar sai ya ɓullo a zauren WhatsApp na ofis da sha ɗayan dare: "A ƙara haƙuri, masu zuba jari sun kusa sako kuɗi. Gobe kowa ya fito bakwai." Kai kuwa kana kwance, ko wane motsi waya ta yi sai ka zabura ko alat ne. Na farkon ka riƙe shi ko kamfaninsa ƙarami ne. Na biyun ka fara neman wani wuri a hankali, ba tare da hayaniya ba.

Na san wani yaro da kamfaninsu ke turawa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, yana bi rumfa-rumfa yana yi wa 'yan kasuwa rajistar na'urar POS. Zai tashi bayan asuba a babur ɗinsa, ya wuni cikin ƙurar kara, yana lallashin mutumin da bai yarda da kuɗin da ba ya iya ƙirgawa da hannu ba. Ya dawo da mutum shida, a taron safe a tsayar da shi gaban 'yan'uwansa a ce an sa masa goma, me ya hana. Ba wanda ya tambaye shi ko sabis ya ɗauke, ba wanda ya tuna kuɗin man daga aljihunsa ya fita. Abin da ya kore shi daga ƙarshe ba gajiya ba ce, tsawar nan ce a bainar jama'a. Bahaushe yana jure yunwa, amma a ci masa mutunci gaban na ƙasa da shi, ya tafi ke nan ko da jikinsa na zaune a kujera. Kuma kada ka ce halin nan namu ne kaɗai. A Maris na 2022 jaridar TechCabal ta buga koken tsofaffin ma'aikatan wani kamfanin fasaha na Legas kan zagi da kora ba sanarwa, sai ga matasa sun cika Twitter kowa na zazzage abin da ya haɗiye a wurin nasa ogan.

Kai ma fa akwai naka. An rene mu a kan cewa yaro ba ya musu da babba, ba ya kallon idonsa, in an tambaye shi ya ce "to". Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a wannan aikin "to" ɗin da ba ta kai zuci ba ɓarna take yi. In an ce ka gama manhaja Alhamis, kai kuma ka san sai sati biyu, ka faɗa tun ranar, cikin ladabi. In ka ga kuskure a lissafi, ka nuna, ko na mai kamfani ne; ka same shi shi kaɗai in kana gudun kunyata shi. Wanda ke yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki daga gida ya fi kowa buƙatar wannan, don su shirunka ba sa ɗaukarsa kawaici, ɗauka suke ba ka san aikin ba. In wutar KEDCO ta ɗauke, batir ya mutu, ka sanar da wuri, kada ka bari a neme ka. Lokacin salla da Juma'a da sassaucin azumi kuwa, ka faɗe su tun ranar ɗaukar aiki. Yawancinsu ba sa ƙi, abin da ba sa so shi ne a ɓace musu ba bayani.

'Yata, naki ya ɗan fi nauyi. Ki sa a rubuta lokacin tashi, don taron da ake ja har bayan isha'i ke za a yi wa magana a unguwa, ba ogan ba. Ki tambayi hutun haihuwa tun ba ki da buƙatarsa. In wani ya fara aiko miki saƙon da ba na aiki ba, kada ki goge, ki adana, ki kuma gaya wa wani babba da kika yarda da shi tun abin bai yi nisa ba.

Akwai amanar da za a damƙa muku wadda kakanninku ba su taɓa riƙe irinta ba: lambobin wayar mutane, lambar BVN, hoton katin ɗan ƙasa, abin da ke asusun wane da wance. A gari irin namu, inda sunan da ya fito a allon kwamfuta maƙwabcinka ne ko surukin yayarka, jarrabawar ta fi tsanani. Abin da ka gani a ofis ya mutu a ofis. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu ita ka san hukuncin mai tona asirin da aka ba shi ajiya. Ko an riƙe maka albashin wata uku, bayanan abokan ciniki ba su zama naka ba.

In kuma tafiya ta kama, wataƙila don ka sami inda ya fi, wataƙila don haƙuri ya ƙare, ka rubuta sanarwa kamar yadda kuka yi yarjejeniya, ka cika kwanakin. Ka miƙa kwamfuta da lambobin sirri, ka zaunar da wanda zai gaje ka ka nuna masa inda komai yake. Abin da kake bi bashi a lissafa a rubuta, ku sa hannu ku biyu, da ranar biya. In ya ƙi, kafin ka je kotu ko ka hau Facebook, ka nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ku zauna ku uku, ka tafi da takardarka a aljihu.